Masu Bin Sawun Kilo

Idan baƙo ya zo masana'anta, ta ƙofar gaba ake shigar da shi. A kai shi ofishin manaja, a ba shi ruwan sanyi, a kifa masa hular kwano, a zagaya da shi inda injuna suka fi sheƙi, a ƙare a sito inda aka jibge kayan da aka gama, kwali kan kwali har rufi. Akwai wani irin baƙo da wannan zagaye ba ya ƙosar da shi. Da ya ajiye kofin ruwa sai ya ce a kai shi can baya, inda ake zubar da shara. Zai daɗe tsaye a kan juji, ya leƙa lambatu, ya ɗaga kai ya dubi bututun hayaƙi, ya shafo ƙurar da ta kwanta a kan taga ya murza ta tsakanin yatsunsa. Daga nan sai ya nemi abu biyu: rasit na duk abin da aka sayo a watan jiya, da sikeli.

Tambayar da ya zo da ita ɗaya ce, kuma yaro ma zai iya yin ta. Kun shigo da tan 100 na ɗanyen kaya, kun fitar da tan 70 na kayan sayarwa, to ina 30? Abin mamakin shi ne yawan masana'antun da ke da akantoci da injiniyoyi da kwamfutoci, amma babu mutum ɗaya a cikinsu da zai amsa ta ba tare da ya sosa ƙeya ba. Masu neman wannan amsa sana'a ce da su, mai ƙa'idoji da littattafai da malamai. Ni dai masu bin sawun kaya nake kiransu, domin aikin nasu ya fi kama da na mai bin sawun dabbar da ta ɓace: ya ga inda ta shiga, ya san ba ta tashi sama ba, saboda haka sai ya duƙa ya bi ƙasa har ya same ta. Wasunsu injiniyoyi ne, wasu akantoci, waɗanda suka fi gwaninta kuwa su ne masu jin harshen ɓangarorin biyu.

Tushen abin tsoho ne. A birnin Paduwa na Italiya an yi wani likita mai suna Santorio, wanda ya rataye kujera a jikin wani babban ma'auni, ya shafe shekaru kusan 30 yana auna kansa, yana auna abin da ya ci da wanda ya sha, yana auna abin da ya fita daga jikinsa. Lissafi ya ƙi haɗuwa. Abin da ke shiga ya ɗara abin da ake gani yana fita, nesa ba kusa ba, kuma ga shi bai ƙara ƙiba ba. Wani da sai ya ce kuskuren ma'auni ne ya wuce wurin. Shi kuwa ya ce lallai akwai ƙofar da ido ba ya gani, jiki na zubar da nauyi ta fata da numfashi, ya kuma buga bincikensa a 1614. Daga baya masanin sinadarai na Faransa, Antoine Lavoisier, ya kafa ƙa'idar a littafinsa na 1789: a duk wani sarrafi, nauyin abin da aka fara da shi daidai yake da nauyin abin da aka ƙare da shi, kama ce kawai ke sauyawa. Ya auna sukari kafin ya yi tsami, ya auna barasa da iskar da suka fito, ya jera su hagu da dama kamar littafin ciniki. Ba abin mamaki ba ne, don mutumin mai tara wa sarkin Faransa haraji ne, aikin da ya ja aka fille masa kai a 1794. Hannun da ya saba da cewa kuɗin da ya shigo sai an ga inda ya tafi, shi ne ya ɗora wa sinadarai wannan doka.

Duk sana'ar a kan wannan ta zauna. Kaya ba ya ɓacewa. In ba ya cikin kwalin da aka loda a mota, to yana juji, ko lambatu, ko cikin iska, ko kuwa yana nan kwance a wani lungu na sito.

Abu na farko da gwani ke yi shi ne shata iyaka. A ji kamar wasa, amma a nan ake rabe ƙwararre da ɗan koyo. Zai ce daga wannan ƙofa zuwa waccan, daga ɗaya ga wata zuwa ƙarshensa, duk abin da ya tsallaka, shiga ko fita, sai an rubuta. In ya matse iyakar, ɓarnar ta faɗa waje ba a gan ta ba. In ya buɗe ta da yawa, ya nutse cikin alƙaluma. Sannan ya yanka cikin iyakar ɗaki-ɗaki: wurin karɓar kaya, wurin haɗi, wurin yanka, wurin busarwa, wurin ɗauri. Kowane ɗaki da nasa lissafin, abin da ya shiga, abin da ya wuce gaba, abin da ya zube, da abin da ya kwana a ciki. Wannan na ƙarshen ne ɗan koyo yakan manta, sai ya tashi hankalin kowa da cewa tan 5 ya salwanta, alhali yana nan cikin tanki yana jiran aikin gobe.

Daga nan sai wahalar gaske ta fara, domin masana'anta ba da harshe ɗaya take magana ba. Mai sayo kaya yana lissafi da naira da buhu. Mai sito yana yi da kwali da duro. Mai inji yana ƙirga mita da guda, mai sayarwa yana ƙirga dozin, mai kwashe shara kuwa tifa ya sani, tifa nawa ta fita a mako. Littafin kowa daidai yake, amma babu littafin da ke ga-maciji da ɗan'uwansa. Mai bin sawu sai ya mayar da su duka zuwa harshe guda, wato kilo. Fenti ya zo a lita, sai ya san nauyin lita ɗaya ta wannan fentin. Takarda ta zo a naɗe, sai ya san nauyin mita ɗaya. Tifar shara kuwa sai ya sa an hau da ita sikelin motoci cike, a sake hawa da ita wayam. Aiki ne mai cin rai, babu wanda zai tafa maka a kansa, kuma shi ne rabin sana'ar.

Babban maƙiyin wannan lissafi ruwa ne, don yana da nauyi kuma ba ya sallama in zai tafi. A ɗauki shinkafa. A kilo 100 na shanshera, kimanin kilo 20 ɓuntu ne, 8 zuwa 10 dusa, sauran kusan 70 tsaba ce, ciki har da karyayya. Duk mai injin casa a Kura ya san wannan a ka, ko da bai taɓa rubuta shi ba. Amma ana so a casa shinkafa tana da danshi wajen kashi 14 cikin 100. Idan kamfanin da ke saye da awo ya karɓe ta da danshi kashi 20, to a kowane kilo 100 busasshen abu kilo 80 ne, kuma ranar da ta bushe zuwa 14 nauyinta zai koma 93. Kilo 7 ya bi iska, an biya kuɗinsa, an biya kuɗin motar da ta ɗauko shi. A tirela mai tan 30 abin ya haura tan 2. Manajan da bai san haka ba, mai gadi zai kora. Shi ya sa gwani ba ya rubuta nauyin komai sai ya rubuta danshinsa a gefe.

In an gama tara alƙaluma an jera, kusan kullum sai an sami giɓi. A wurinmu, da an ce kaya sun yi ƙasa, zuciyar kowa sata take tafiya. Ana sata, babu musu, amma wanda ya daɗe a wannan aiki ya san cewa mafi yawan giɓi a gaban idon kowa yake fita, da rana tsaka, da yardar kowa. Yana fita a mintocin farko na tada inji kafin zafi ya daidaita. Yana fita duk lokacin da aka canja launi ko samfuri aka wanke bututu. Yana manne a gindin kowane duro da aka ce ya ƙare. Wani lokaci ma ta ƙofar gaba yake fita, cikin kayan sayarwa: leda an rubuta mata giram 500, amma saboda tsoron kada ta gaza sai aka saita injin a 510. Giram 10 ba ya cika tafin hannu, amma a leda miliyan ɗaya tan 10 ke nan aka yi kyauta da shi ba tare da an sami ko godiya ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne a kasuwar ƙauye. A gaban injin da ke tofar da leda ɗaruruwa a minti, ido bai san komai ba.

Akwai kuma gwanintar da ba a koyarwa a aji, ta zama da mutane. Wanda ya shigo da sikeli da littafi, kallon ɗan sanda ake yi masa. Da ma'aikata sun zaci laifi ake nema, sharar za ta fara fita ta bayan katanga da dare, alƙaluman su yi kyau, aikin ya tashi a banza. Gwani yakan nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a kan inji, ya zauna kusa da shi lokacin shan shayi, ya ce: "Baba, kai ka fi ni sanin injin nan. In zai ɓata kaya, da wane lokaci yake yi?" Amsar da zai samu a minti biyar, mai yiwuwa sikeli ya yi wata bai ba shi ita ba, domin mai inji ya san cewa duk ranar da aka kawo kaya daga wuri kaza sai gefe ya tsage, ya kuma taɓa faɗa shekaru uku da suka wuce ba a saurare shi ba. Ana ba da labarin Taiichi Ohno na kamfanin Toyota cewa yakan zana da'ira da alli a daɓen masana'anta, ya tsayar da sabon injiniya a ciki sa'o'i, ba abin da zai yi sai kallo, har ya fara ganin ɓarnar da kowa ya saba da ita. Sikeli yana faɗin nawa ne ya tafi. Dalilin tafiyarsa kuwa a bakin mutane da tsayuwar haƙuri ake samunsa.

Duk da haka, kilo ba ya tayar da mai kamfani daga kujera. Kuɗi ne ke tayar da shi. A nan ne aka yi wata dabara da nake ganin ita ce mafi kaifi a duk sana'ar. A shekarun 1990 wasu masana a birnin Augsburg na Jamus, ciki har da Farfesa Bernd Wagner, suka tsara hanyar liƙa wa kowane kilo kuɗinsa, ya bi shi duk inda ya tafi, ko kwali ko juji. Jamusawa ne suka haifa, amma Japanawa suka raina. Wajen shekarar 2000 ma'aikatar tattalin arziki da ciniki da masana'antu ta Japan ta ɗauki tsarin, malamai irin su Katsuhiko Kokubu na Jami'ar Kobe da Michiyasu Nakajima na Jami'ar Kansai suka shiga masana'antu da shi, har Japan ta kai shi gaban hukumar ƙa'idoji ta duniya, aka fitar da shi a 2011 da lamba ISO 14051.

Ga yadda abin yake. A ce kamfanin yin kwali ya sayo takarda kilo 1,000 a kan naira miliyan 2. Ya kashe naira 600,000 a wuta da gas, 400,000 a albashi da lalacewar injuna. Kwalin da ya fito kilo 800 ne, sauran 200 gefe-gefe ne da waɗanda suka lalace, ya sayar wa masu saye a kan naira 40,000. A littafin akanta na gargajiya, duk miliyan 3 ɗin a kan kwalin kirki ake ɗora ta, a raba, a ce ga kuɗin yin kwali ɗaya. Sharar fa? Tana shafin kuɗin shiga, naira 40,000, har manaja yana murna cewa juji ma na kawo riba. Sabon lissafi sai ya ce a'a. Wannan kilo 200 da farashin takarda mai kyau aka saye shi, ya sha wuta kamar sauran, ya ci lokacin ma'aikaci da na inji kamar sauran. Kashi ɗaya cikin biyar na nauyi ne, saboda haka kashi ɗaya cikin biyar na miliyan 3 nasa ne, naira 600,000. A cire 40,000, saura 560,000. Babu ko kwabo da ya ƙaru ko ya ragu a aljihun kamfani, shafi kawai aka sauya wa alƙaluma, amma abin da jiya ake kira riba yau ya bayyana a matsayin rami. Japanawa har suna suka ba shi, suka ce kamfani kaya iri biyu yake ƙerawa, na kirki da na asara, kuma duka biyun da kuɗinsa yake ƙera su.

Kamfanin Nitto Denko, mai yin salatif na kayan lantarki, shi ya fara gwadawa a Japan, a masana'antarsa ta Toyohashi, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da yake kashewa a layin da aka auna yana tafiya ne a kayan asara. Amma labarin da ya fi burge ni na Canon ne, a masana'antarsu ta Utsunomiya inda ake yin gilashin idon kyamara. Su da guda suke ƙirga: gilashi 100 ya shiga, 99 ya fito lafiya, asara kashi ɗaya. Wa zai nemi gyara a wurin da ke cin 99? Da aka koma awo sai magana ta sha bamban. Kowane gilashi yana zuwa daga mai narka shi da kauri, a wasa shi, a goge shi har ya kai siffar da ake so, abin da aka wasa kuwa ya zama laka ya bi ruwa. Gudan yana nan, bai fashe ba, an ƙirga shi cikin 99, amma wani babban yanki na jikinsa ya tafi lambatu. Da aka liƙa kuɗi, asarar ta kusa kashi ɗaya cikin uku. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami, su kuma shekara da shekaru suna kwana kan lakar gilashi mai tsada suna biyan kuɗin kwashe ta.

Maganin kuma ba a cikin katangarsu yake ba. Komai gwanintar mai wasa gilashi, in an kawo masa mai kauri dole ya wasa. Sai suka koma wurin kamfanin da ke kawo musu, aka zauna tare, aka sake tsara gilashin ya riƙa zuwa kusa da siffarsa ta ƙarshe. Mai narkawa ya rage abin da yake narkawa, mai wasawa ya rage wuta da ruwa da lokaci da laka. Irin wannan ne ya sa aka ƙara wata ƙa'ida a 2017, ISO 14052, don bin sawu daga kamfani zuwa kamfani, tun da sau da yawa ɓarnar da ke zuba a gidan wani a gidan maƙwabcinsa aka ƙulla ta.

Mutumin Kano ba ya bukatar zuwa Japan don ya ga inda wannan aiki ke da amfani, ya je Challawa ko Sharaɗa ko Bompai ya tsaya bayan majema. A shekarar 2000 masanan hukumar UNIDO ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da cikakken lissafin jima irin ta zamani. Daga tan ɗaya na fatar shanu mai gishiri, jemammiyar fatar da ake samu kimanin kilo 250 ce. Ana zuba sinadarai kusan kilo 450, abin da ke zama a jikin fatar wajen kilo 70 ne, sauran duk ya bi ruwa, ruwan kuwa wajen lita 40,000. Na shanu suka auna, majemun Kano kuwa fatar akuya da tunkiya suka fi yi, tun da tamu ta shanu ganda ta rigaye su, amma hanyoyin da kaya ke zurarewa iri ɗaya ne: gishiri, gashi, ragowar nama, gefen da aka datse, askin da ake yi don daidaita kauri.

Abin da ya fi jan hankali a nan shi ne yadda ake bin sawun sinadari guda ɗaya tak. Kurom, wanda ya maye gurbin bagaruwa a manyan majemu, da kuɗin waje ake sayo shi. A jima ta yau da kullum fata ba ta shanye fiye da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nasa, sauran yana fita da ruwan ganga. Mai bin sawu zai nuna maka daidai gangar da daidai lokacin. Muddin ruwan bai gauraya da sauran ba, kaya ne: a tare shi a tanki daban, a zuba masa sinadarin maganiziyam kurom ɗin ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a narkar da abin da ya kwanta da asid a mayar ganga. Da ya faɗa lambatu ɗaya da ruwan toka da na rini, ya zama dagwalo, sai kogin Challawa ko rafin Getsi, da manoman rani da ke ban ruwa a ƙasa. Tazarar da ke tsakanin dukiya da guba a nan 'yan mitoci ne na bututu, kuma ba mai ganin ta sai wanda ya zana hanyar.

Zanen ma da tarihinsa. A 1898 wani injiniya ɗan Ayalan, Kyaftin Matthew Sankey, ya zana yadda ƙarfin wuta ke bi ta cikin injin tururi, da kibiyoyi masu faɗi daidai da yawan abin da suke ɗauke da shi. Har yau da sunansa ake kiran irin wannan zane. Amfaninsa shi ne ba ya bukatar tafinta. Mai kamfanin da zai yi gyangyaɗi a kan shafi goma na alƙaluma, in ya ga kibiya mai kauri ta kauce hanya ta nufi juji, da kansa zai ɗora yatsa a kai ya ce mene ne wannan.

A Jami'ar Kambirij ta Ingila, Julian Allwood da Jonathan Cullen da abokan aikinsu sun yi irin wannan zane ga ƙarfen duniya baki ɗaya, daga ma'adini har kayan da ke hannun mai saye, suka fitar da sakamakon wajen 2012. Sun tarar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfen da ake narkawa ba ya taɓa shiga cikin wani kaya, a hanya yake zama guntaye. Na alminiyom ya kai wajen kashi 40 cikin 100. A kamfanonin mota, kusan rabin fallen ƙarfen da ake saye ba ya shiga jikin motar. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya gane dalili: yadi murabba'i ne, riga kuwa tana da wuya da hammata. Ƙofar mota ma haka, daga falle ake buga ta, a huda wurin gilashi, a datse gefen da inji ya kama. Duniya na narka ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara, sai mai karatu ya kwatanta kashi ɗaya cikin huɗu da kansa.

Za a ce ai ba a yar ba, ana mayar da guntayen tukunya a sake narkawa. Haka ne, kuma na san darajar 'yan jari-bola da maƙeran da ke mayar da gwangwani tukunyar girki. Sake narka alminiyom yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da ake bukata a fitar da sabo daga ma'adini. Amma gwangwanin da aka sha abin cikinsa ya yi aikinsa kafin ya dawo. Guntun da aka datse a masana'anta bai yi wa kowa aikin komai ba: an narka shi, an murza shi, an yi dakonsa, an datse shi, an sake dakonsa, za a sake narka shi. Zagaye yake yi kamar jakin da ya ɓata hanya, kowane zagaye da kuɗin wuta. Kamfanin da ke alfahari da cewa yana sake sarrafa duk shararsa, sau da yawa wannan alfaharin ne ke hana shi tambayar me ya sa sharar ta yi yawa tun farko.

Akwai inda bin sawu ya haɗa maƙwabta. A Kalundborg, wani ƙaramin gari a bakin teku a Denmak, matatar mai ta fara jawo ruwa daga tafkin Tisso a 1961. A 1972 kamfanin Gyproc mai yin allunan bango ya ja bututu ya riƙa sayen iskar gas ɗin da matatar ke ƙonawa a banza. Daga baya tashar wutar Asnaes ta fara tura tururi ga matatar da kamfanin magunguna na Novo Nordisk, da zafi ga gidajen gari, sannan da ta fara tace farar wuta daga hayaƙinta, jifsam ɗin da ya fito ya zama ɗanyen kayan Gyproc. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan tun farko. Ciniki ne ɗaya bayan ɗaya tsakanin manajojin da suka san juna, kowa ya san abin da ke fita daga bayan katangar ɗan'uwansa da yawansa.

Wannan sanin junan shi ne abin da ya fi wuyar kwaikwayo, kuma a nan sana'ar ke cin karo da iyakarta. Wanda ya buɗe maka lissafin kilonsa ya buɗe maka cikinsa. Mai kawo kaya yana tsoron in babban kamfani ya ga inda za a rage ɓarna, gobe zai ce a rage farashi daidai wannan, ya kwashe ribar gyaran shi kaɗai. In ba a yi maganar rabo tun kafin a fito da sikeli ba, alƙaluman da za a kawo na ado ne. Nauyi kuma ba shi ne komai ba. Giram ɗaya na guba yana iya fin tan na yashi illa, kuma a zanen Sankey kibiyarsa siririya ce kamar gashi, sai mai hankali ne zai tsaya a kanta.

A zanen gwani akwai wata kibiya da nake fara nema kafin sauran. Ƙarama ce, a gefe, an rubuta mata "ba a gano ba tukuna", da adadinta. Sikeli yana kuskure, mita tana kuskure, mai rubutu da dare yana gyangyaɗi, saboda haka lissafin da ya rufe cif babu saura ko kilo ɗaya, akwai hannun da ya lallaɓa shi. Gwani yakan bar giɓinsa a fili, ya faɗi wane adadi ya auna da hannunsa, wane ya karɓa daga littafin sito, wane kuma ya ƙiyasta. Ya kuma san lissafin da aka yi da hunturu ba zai zauna da damina ba, don takarda da auduga da fata duk suna shan danshin iska. Sai ya naɗe zanensa, ya yi sallama da dattijon nan na kan inji, ya ce a adana masa sikelin, zai dawo a watan Agusta.